Darasi Kafin Shayi

Shayin ya fara hucewa, amma Auta ba ta ko kalle shi ba. Da gangan ta ajiye kofin inda ɗalibinta zai riƙa hango tururinsa, kusa da burodin da ta gutsuttsura ƙanana saboda bakin nasa duk giɓi ne. Dokarta ɗaya ce, kuma ba ta sassauci: sai an yi darasi a karya kumallo.

Ta ƙara tamke zanen da ta ɗaure shi da shi a kujera don kada ya zame. Ta goge yawun da ya dalalo masa a haɓa, ta ɗauko kwalin da ta rubuta kalmomin Turanci biyu a jiki da manyan baƙaƙe, accept da except, ta kafa masa a gaban ido.

"To, bismillah. Ta farkon nan me take nufi?"

Leɓunansa suka yi rawa. Sauti ya fito, amma ko mai neman lada ba zai kira shi magana ba.

Likita dai ba haka ya ce ba. Cewa ya yi tunda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa harshe, a riƙa jan sa da hira kullum, cikin lallashi, a fara da kalmomi masu sauƙi: ruwa, abinci, sunayen mutanen gida. Ranar da aka zauna shawarar wanda zai riƙe shi, kowa a dangi ya zaro uzurinsa, wannan aiki, wancan ƙarancin ɗaki. Auta kaɗai ta ce a kawo mata shi. Aka yi ta sa mata albarka har ta gaji da cewa amin.

Ita ba malama ba ce. Ɗinki take yi a falonta, kuma Turancinta bai wuce na firamare ba, don a kan waɗannan kalmomi biyun karatunta ya tsaya cak. Tana 'yar ƙarama ta rubuta ɗaya a gurbin ɗaya, malamin Turancinsu ya ɗora ta a kan tebur gaban aji. Ya yi bayani tiryan-tiryan, don mutum ne da ya san aikinsa: ta farko tana nufin karɓa, ta biyu tana nufin banda. Sai ya kawo misali yadda kowa zai gane. Kowa ya fita hutun tara, banda wannan jakar. Yara suka kwashe da dariya suka fice, shi kuma ya sauke mata rula mai bakin ƙarfe a kunnen hagu. Tun daga ranar kunnen ya daina aiki. A gida kuwa babu wanda za ta kai wa ƙara. Mahaifiyarta ta goge mata jinin, ta ce ta yi shiru.

Yanzu ga ta da nata ɗalibin, ga kuma rula a hannunta.

"Na ce me take nufi?"

Ya ɗaga ido ya dubi shayin, ya dawo da shi kan kwalin. Abin da ya fi yi wa Auta daɗi ke nan: ta san ya sani. Amsar tana nan fal a idonsa, harshen ne ya ƙi ɗauka. Ta zare masa safar ƙafar hagu, don ta lura a wannan ɓangaren ya fi jin zafi, kuma safa tana rufe shaida. Ta buga sau ɗaya, ba da ƙarfi sosai ba. Ba ta gaggawa.

Hawaye suka gangaro masa. Ya tattara duk ƙarfinsa, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, ya yi ta kokawa da bakinsa kamar mai tura mota a yashi.

"Kar... kar... ɓa."

Daidai ne. Ta ji shi sarai, har wani abu ya tsarga mata a ƙirji, mai kama da tausayi. Ta bar abin ya wuce. A hankali ta juya kanta, ta miƙa masa kunnen hagu.

"Ban ji ba. Ai ka san wannan ba ya ji. Sake faɗa."

Bai iya sakewa ba. Kansa ya langaɓe, kafaɗunsa na girgiza, fitsari ya fara ɗiga daga kujerar zuwa siminti. Shayin ya yi sanyi ƙalau, ƙuda ya sauka a bakin kofin.

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa, muryar yayanta ta yi sallama.

Kafin ya shigo ta mayar da safar, ta cusa rular ƙarƙashin wani yadi a kan keken ɗinki, ta jefa tsumma a ƙasa. Da Yaya ya ɗaga labule da ledar lemo a hannu, abin da ya tarar shi ne ƙanwarsa a tsugune, tana kai kofi bakin mara lafiya tana cewa sannu.

"Kai, Auta, Allah ya biya ki. Wallahi mu ba za mu iya ba."

Na kan kujerar ya kafe Yaya da ido, yana gurnani, yana nuna keken ɗinkin da haɓa. Yaya ya bi inda yake nunawa, ya ga bakin ƙarfe ya leƙo daga ƙarƙashin yadi. Ya zaro rular, ya jujjuya ta, ya yi dariya mai taushi irin ta wanda ya tuna da daɗaɗɗen abu. Sannan ya durƙusa gaban kujerar, ya share wa mai ita hawaye da gefen rigarsa.

"Ina kwana, Baba? Daina kuka mana. Ka ga Auta har tsohuwar rularka ta koyarwa ta adana maka."