Tarin Tsohuwar Motar Soja

Zauna tukuna, Sabi'u, ka daina kaɗa ƙafar nan. Ka ce tun da ciwon kai ya kama ka, ka je wurin mai saiwa, ka je kemis, yanzu kuma rubutu kake so in yi maka. Zan yi, in Allah ya yarda. Amma bari in ba ka misali da abin da na gani a yawona, a wani gari na bakin fadama. Sunan garin ya ɓace mini, ban ma tuna ko gabas yake da kogin ko yamma ba. Motar ce dai ban manta ba.

Wani mutum ne ya sayi tsohuwar motar soja a gwanjo, irin mai dogon hancin nan da manyan tayoyi, korenta ya koɗe kamar garin kuka da ya kwana biyu. Ta girme shi. Tsakanin fadama da titi yashi ne mai zurfi, babu motar da ke ratsa shi sai ita, don haka idan tumatir ya nuna, manoman garin shi kaɗai suke jira. Da damina ba ta da aiki, gindin tsamiya take kwana. A shekarar da nake ba ka labari, ranar ɗiban farko aka loda mata kwanduna har sama, wani dattijo cikin masu kayan ya hau gaba, suka kama hanya. Ba a yi nisa ba ta fara tari, ta ja, ta ja, ta mutu. Shi kuwa mai motar mutum ne marar zama, ko abinci a tsaye yake ci. Ya diro yana cewa, "'Yan bumburutun nan sun cuce ni, man banza suka ba ni!" Ya buɗe murfin tanki, ya tuttula wata jar kwalba ta maganin wanke inji da ya saya a tasha, ya rufe, ya murza makulli. Sai ta tashi. Ya daki sitiyari ya ce, "Ka ji magani!"

Gaba kaɗan ta sake mutuwa. A ƙauyen farko mai sayar da kayan mota ya yi masa dariya: "Haba direba, ja ai na ƙananan motoci ne. Wannan soja ce, sai shuɗi." Ya sayi shuɗi, ya buɗe, ya zuba, ta tashi. Da ta sake tari, wani direba da suka haɗu da shi a ƙauye na gaba ya rantse cewa su da kafur suka san irin waɗannan, a daka a watsa cikin fetur. Ya daka, ya watsa, ta tashi. Bayan kafur aka zo kan man birki, bayan man birki kananzir. Tsakanin haka ya kwance filogi ya goge, ya hura kafireta da baki, ya zagi wanda ya sayar masa da motar. Duk abin da ya zuba sai ta tashi, ya yabe shi. Ta mutu, ya tsine masa, ya nemi na gaba. Dattijon ya ce, "Ɗana, ka tsaya ka saurare ta mana. Ko jinjiri ne ke kuka, ai sai an laluba inda ke masa ciwo." Ya ce, "Baba, tumatir ba ya jiran saurare."

Rana na tsaka motar ta mutu a tsakiyar yashi, wannan karon ta ƙi tashi. Kafur ya toshe matatar mai, haɗin gambizar da ya yi kuma ya cinye robar famfon da ke tura mai. Ruwan tumatir ya fara ɗiga ta tsakanin katako, ƙudaje suka taru. Babu sauran kwalba, babu ƙauye kusa, babu wanda zai ba shi shawara. Sai a lokacin ya tsaya cik, ya yi shiru. Ya kai hannu ya murɗe murfin tanki, ba don zai zuba komai ba, sai ya ji tankin ya ja dogon numfashi, fuuu, kamar wanda ya daɗe a ƙarƙashin ruwa. Tun safe take wannan ƙarar, shi ne bai ji ba. Ya bi bayan tankin da ido, ya ga wani siririn bututu da aka lanƙwasa sama saboda ƙetare kogi, wanda iska ke bi ta shiga yayin da mai ke raguwa. Zanzaro ya yi gini a bakinsa tun damina, ya liƙe shi da laka. Motar shaƙewa take yi. Ba ja ne ya tashe ta ba, ba shuɗi ba, ba kafur ba. Buɗe murfin da yake yi ne ke ba ta iska. Da tsinke ɗaya ya fasa ginin, amma famfo ya riga ya tafi. A nan tumatirin mutane ya ruɓe, kuma da rani ya zagayo, amalanke suka nema, ba shi ba.

To, ina muka tsaya? Yauwa, kanka. Kafin in jiƙa tawada, faɗa mini yaushe yake tashi, me kake yi idan ya lafa, kuma yaushe rabonka da barci mai kyau. Kada mu yi abin da Hausawa suka ce: an bar jaki ana dukan taiki.