Irin Dankalin Loyis a Cacar Farashi

Loyis ta dawo daga jinyar ƙanwarta a Nasarawa Gwom, ta buɗe ɗakin ajiya don ta juya irin dankalinta, sai ta tarar da ɗaki wayam. Ko ƙwaya ɗaya babu. Har sharewa aka yi tas.

Irin nan tun girbin bara ta ware shi da hannunta. Ta hana kanta ci, ta hana 'ya'yanta. Ya riga ya yi tsiro, ruwan farko kawai yake jira. Duk wanda ya san garinsu Vom ya san matsayin dankalin turawa a gida irin nasu, da shi ake ci, da shi ake biyan makaranta.

Ta fito a guje. "Baban Hosana! Ɓarayi sun shigar mana!"

Mijinta Rwang na zaune a kan benci, ido a kan waya. Tun da aka rage ma'aikata a gidan burodin da yake aiki cikin Jos, ba shi da sana'ar da ta wuce latsa wayar nan. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Kwantar da hankalinki, Maman Hosana. Ni na sayar. Kafin ruwa ya sauka zan sayo miki ninkinsa."

"Ka sayar da me?"

Sai ya gyara zama, wai zai wayar mata da kai. Akwai wani dandali a waya, in ji shi, ba irin cacar ƙwallo ta yara ba, wannan ta masu tunani ce. Mutum zai sa kuɗi ya ce alƙaluman hauhawar farashi ko na rashin aikin yi da za a sanar za su hau ne ko za su sauka. Shi ya zuba kuɗin irin kaf a kan cewa hauhawar farashi za ta ƙaru.

"Ke ce mai zuwa kasuwa," ya ce. "Faɗa mini abu ɗaya da ya taɓa sauka. Wannan ai ba caca ba ce, kuɗi ne a ƙasa, tsinta kawai zan yi."

Nan take Loyis ta gane wani abu da ya daɗe yana ɗaure mata kai. Duk ranar da ta dawo kasuwa tana ƙorafin manja ya ƙara kuɗi, sai ta ga Rwang yana murmushi, har yana tambayar nawa aka ƙara. Ita a zatonta tausayi ne. Zuciyarta ta tafasa.

"Wato addu'a kake yi kaya su ƙara tsada? A gidan da 'ya'yanka ke shan kunu ba sukari? Kai, Baban Hosana, ka ji tsoron Allah! Wahalarmu ka kai teburin caca!"

"Ba za ki gane ba," ya ce, ya koma kan wayarsa.

Ranar sanarwa ya ajiye rediyo a cinya, ya hana kowa tari. Mai karanta labarai ta ce hauhawar farashi ta ɗan sassauta a watan da ya wuce. Rwang ya zabura har rediyon ya faɗi.

"Ƙarya ne! Wallahi ƙarya ne! Su zo kasuwa su gani!"

To, ku ji fa. Kaya ba su sauka ba, tashi suke yi, sai dai ba da gudun da suka yi a baya ba. Gudun nan ake aunawa, kuma a kansa aka ƙulla cacar. Mai tunanin namu ya zuba abincin shekara a kan abin da bai ma san yadda ake auna shi ba. Ya kira lambar masu dandalin, ba wanda ya ɗauka. Ya rubuta musu zagi, suka aiko masa da gayyata ya sake gwadawa.

Sai ga ruwa ya sauka. Unguwa ta fashe, kowa ya yi gona da kwandon iri a ka. Loyis ta je wurin Dantong, babban manomin da Rwang ya sayar wa irin, ta durƙusa ta roƙe shi ya mayar mata ko da rabi.

"Maman Hosana, ki yi haƙuri," ya ce. "Ni saye na yi, ban ƙwata ba. Iri kuma yanzu ya yi tsadar da ko ni ba zan iya ƙarawa ba. Amma ina neman 'yan ƙwadago, in kina so."

Ta so ta tofa masa magana, ta tuna babu komai a tukunya. Ta ɗaura zane ta shiga kunyoyin gonarsa. Haka ta wuni a sunkuye a gonar wani tana binne irin da ta ware da hannunta, tana yi tana share hawaye da gefen ɗankwali. Tata gonar kuwa, da aka riga aka yi wa huɗa, ciyawa ta cinye ta.

Da aka koma makaranta, aka koro 'yarsu Hosana saboda ba a biya kuɗi ba. Yarinyar ta ajiye jakarta a gaban ubanta, ta ce, "Baba, yaushe zan koma?" Loyis ce ta amsa cikin fushi. "Sai baɗi, in an samu iri. Gobe ki ɗauki fartanya ki biyo ni."

Jama'a, caca caca ce, ko a kan ƙwallo aka yi ta ko a kan farashin abinci, kuma masu ita ba don ku ci suka buɗe ta ba. Tsadar rayuwa da rashin aiki sun ishe mu masifa. Kada wanda ya ɗauki abin da iyalinsa za su shuka ya kai wa 'yan caca.