Leƙen Malam

Ranar da dokar hana na'urori maguɗi ta fara aiki, Inna Tasalla ta ɗauki allon wasanta ta nufi rumfar Sagiru mai gyara.

A cikin allon aka adana murya da salon wasan mijinta, marigayi Malam Jatau. Kullum sai sun buga wasan yaƙi, kamar yadda suka saba yana raye.

"Ya lalace," in ji ta. "Yau sau biyu ina cinye wasan."

Sagiru ya duba. "Lafiyarsa ƙalau, Inna. Da yana leƙa inda kika ɓoye dakarunki ne. Yanzu an hana."

"Na sani. Tun ina amarya yake leƙen nan, ni kuma in yi kamar ban gani ba. Mayar masa da abinsa."

"Wallahi rufe min rumfa za a yi."

Sai allon ya yi gyaran murya irin na Malam.

"Tasalla, ba ke ce kullum kike cewa in daina ba?"

Ta goge gilashin da bakin mayafinta.

"Faɗa kawai nake yi, Malam. Wa ya ce ka ji?"