Tokar da Mansir Ya Sa wa Hannu

Mansir ya kasa zama a ɗakin gwaji. Ya leƙa kwalba, ya dubi agogo, ya sake leƙawa. Tokar masana'antar fenti ce a ciki, kuma sai ta kwana a ruwan gwaji kafin a san ko akwai gubar dalma.

Ɗanlarai direban tifa ya turo kai ta taga. "Yallaɓai, tun safe mota ke cike. Toka ce fa, ba bam ba!"

"Rami za a kai ta a binne, wa zai ci?" in ji Mansir a ransa. Ya rubuta babu illa a takardar direban, ya sa hannu a kan abin da bai gani ba.

Washegari na'ura ta nuna dalma mai yawa. Yana laluben lambar Ɗanlarai a waya, sai ga kiran mahaifinsa daga ƙauyensu Miri.

"Mansir, Allah ya yi maka albarka! Jiya na tare wata tifa cike da toka na roƙa don in yi taki. Na so in yi shakka, sai direban ya nuna mini sunanka a takarda. Mun baje ta kaf a gonar masara, har ruwa ya sauka a kai."