Fuska Cikin Laka

Da gangar gayya ta kaure, shugaban manoman shinkafa ya naɗe wando ya faɗa magudana. Shirin farfaɗo da tattalin arziki ya iso Bunkure da sharaɗi: gwamnati za ta gyara ƙofar ruwa, amma sai ƙungiyoyin manoma sun yashe magudanar da kansu. Shi kuwa ya rantse iyakarsa gadar katako. Daga can aikin 'yan tumatir ne, waɗanda shugabansu ya shekara yana tare masa ruwa.

Laka ta rufe kowa har gira. Wani ƙaƙƙarfa ya tsaya gefensa yana cika kwano, shi yana miƙawa sama. Kiɗa ya hana magana, sai dariya. Har goro ɗaya suka raba.

Da la'asar aka saki ruwa, mata na ta guɗa. Shi da ƙaƙƙarfan nan suka durƙusa tare suka wanke fuska.

Ashe shugaban 'yan tumatir ne!

Shugaban manoman shinkafa ya waiga. Gadar katako tana can baya, da nisa.

"Alhaji," ya ce, dariya na cin sa, "dama ka iya aiki haka?"

"Yi alwala, Malam. Ruwan nan ya ishe mu duka."