Cikin Dutsen Marigayi

Ɗan jirgin ƙasan ya shiga ramin dutsen, bai fito ba.

Mu huɗu muka yi cirko-cirko a ɗakin ƙasa na coci, inda duk wata kowa ke kawo yankin layin dogo na wasa da ya ƙera, mu haɗa, ƙananan jiragenmu su zagaya. Yankin dutsen na abokinmu ne da ya rasu da hunturu. Matarsa ce ta kawo shi yau.

Shekara biyu ina yi masa tsiya: "Haba mutumina, dutse ƙwal kamar kaina, ko bishiya babu! Me kake yi a gida?" Sai dai ya yi murmushi.

"Sai an ɗaga dutsen," in ji ɗayanmu, "kar injin ya ƙone."

Na matsa kusa da dutsen. Kwali ne da filasta. In ya tsage a hannuna, da wane ido zan dubi matar? Ta gyaɗa mini kai. Na ɗaga a hankali.

A ciki, inda ba mai gani, ga ɗan ɗaki da fitila. Mutum-mutumin tsofaffi huɗu kamar ƙwayar wake, siffar shi da abokanmu, suna manne kewaye da tebur. Na biyar, mai sanƙo irin nawa, shi ya faɗo kan layi ya tare jirgin.

Matar ta ɗora mini shi a tafin hannu.

"Kai kaɗai ne bai manna ba," ta ce. "Kullum sai ya sake gyara ka. Wai bakin ne ya ƙi rufuwa."