Tsohuwa a Hawa na Uku

Tukur, naɗe zanen ginin nan tukuna, ka ji wani misali kafin ka kira masu rushe gidanku.

An yi wani mutum da ya gaji gidan ƙasa a bakin babban titi, yana zaune da tsohuwarsa. Gidan ba abin kallo ba ne: zaure, dakali, sai wata 'yar ƙofar baya mai fita lungu. Amma ta wannan ƙofar duniyar tsohuwa take shigo mata. Matan unguwa ba sa bi ta titi, ta lungu suke ɓullowa, wannan aron turmi, waccan ta kawo jariri a duba masa cibiya, wata kuwa ba abin da ya kawo ta sai a zauna a tsinke zogale a yi gulma. Da aka faɗaɗa titin, maƙwabta suka shiga tayar da benaye, shaguna a ƙasa, gidajen haya a sama, sai mutumin ya ga gidansu ya zama kamar giɓi a baki. Ya rushe shi, ya tayar da bene hawa uku mai fuskar gilashi. Zaure da dakali suka koma shaguna. Ƙofar baya aka toshe aka yi sito. Matakala kuwa, don kada ta ci wurin shago, aka matse ta tsakanin mai aski da mai sayar da waya, 'yar siririya, ga lanƙwasa. Hawa na uku, mai iska da tayil, ya ba uwarsa, yana ta faɗa wa mutane wai ya ɗaga ta sama da kowa a unguwar. Ya kuwa ɗaga ta. Ranar da aka hau da ita, abu ɗaya ta tambaya: "Ɗan nan, ta ina mutane za su zo?" Ya yi dariya ya ce ga matakala nan.

To wace matar aure ce za ta ratsa samari a ƙofar shagon aski, ana bin ta da ido, don ta je tsinkar zogale? Sa'o'in tsohuwa kuwa gwiwar da ta hana ta saukowa ita ta hana su hawa. Aka yi ta aiko da gaisuwa, har gaisuwar ma ta gaji ta daina zuwa. Ɗan bai rage ta da komai ba, ban da mutane: ga talabijin, ga firji, ga nama kullum. Sai ta yini a jikin tagar da ba ta buɗuwa tana kallon tsakar kan jama'a, ta gane wance da tafiyarta, ta kira, gilashi ya maido mata da muryarta. Abinci ya fara komawa yadda aka kawo shi. Likita ya duba ya ce bai ga ciwo ba, kuma gaskiyarsa, ba a jiki yake ba. Da ta cika, aka kawo makara, makara ta ƙi juyawa a lanƙwasar matakala. Aka gwada ta gaba, aka gwada ta baya. Ƙarshe a tabarma aka naɗe ta, aka sauko da ita a karkace kamar kayan ɗaki, ɗanta yana riƙe da wajen ƙafafu yana kuka. Matan da ta yi ta jira duk sun zo ranar, suna tsaye a bakin kwalta cikin rana, don babu inda za su zauna. Ba a taɓa wulaƙanta mutuniyar kirki da sunan gata kamar haka ba, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Benen yana nan, baƙi na tsayawa su ɗauki hoto, shagunan duk a cike. Hawa na uku ne kawai a kulle, mai shi ya kasa ba da haya, ya kasa hawa.

Na duba zanen naka sama da ƙasa, Tukur, na ga wurin ajiye motoci, ban ga ƙofar Innarka ba. Hausawa dai sun ce, garin neman gira a rasa ido.